Wai me za mu kira stewardship da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "tattalin amana"

Jama'a salama a gare ku, ku taimaka min da wannan. An ba ni takardar bitar da za a yi wa ma'aji da sakatarorin ikilisiyoyin gundumarmu in mayar da ita Hausa, kuma tun layin farko kalmar Turanci stewardship, wato kula da abin da aka damƙa maka, ta tsare ni, kwana uku ke nan ina juya ta. Baiko muna da shi, zakka muna da ita, karo-karo da aikin gayya duk namu ne tun kaka da kakanni, wato ta wajen BAYARWA ba mu rasa baki ba. Amma abin da ke biyo bayan an ɗauke kwanon baiko daga gaban bagade an shiga da shi ɗakin baya fa, shi ne ban ga sunansa da ya zauna daram ba.

Wadda aka saba ji a bakin fastoci ita ce wakilci, kuma ban ce kuskure ba ce. Sai dai yau in ka ce wa yaro wakili, ɗan majalisar wakilai zai tuna, ko wakilin gidan rediyo, ko wakilin ango a wajen ɗaurin aure. Mai magana ne a madadin wani. Ba wanda zai ji wakilci ya tuna da rumbu ko littafin lissafi.

Wani Baba da ya daɗe yana dattijon ikilisiya ya ce min, ɗana me kake wahalar da kanka, ai riƙon amana ne. Na ce Baba gaskiya ne, kuma ita ce ta fi kusa, don ko a 1 Korintiyawa 4:2 abin da Bulus ya nema ga wanda aka damƙa wa abu shi ne a same shi da aminci. Amma ku duba Matiyu 25 mana, bawan nan da aka ba talanti ɗaya ya haƙa rami ya binne, ai bai ci ko kobo ba, ya riƙe, ya mayar da shi yadda aka ba shi cif, kuma shi ne ubangidan ya tsawata wa. To ashe riƙo kaɗai bai cika ma'anar ba ke nan.

Abin da ya buɗe min ido kiwo ne. Muna yara wata maƙwabciyarmu ta ba mahaifiyata tunkiya kiwo, kuma na sha ganin Mama da sassafe tana dama mata dusa da kanwa kafin mu mu ga kunu, in damina ta yi ta ɗaure ta nesa da gonar mutane, ranar da ta haifi tagwaye kuwa ba ta zauna ba sai da ta aike ni da gudu in je in gaya wa mai ita. Tunkiyar ba tata ba ce, amma ba ajiye ta kawai take yi ba, tattalinta take yi har ta ƙaru, kuma mai ita ta san duk halin da ake ciki. Wannan shi ne abin da nake nema wa suna.

Sai kuma ga wani abu da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Kalmar Girkanci da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita oikonomiya ce, oikos gida ne, wato tafiyar da harkar gida, kuma daga gare ta Turawa suka samo kalmarsu ta ikonomi. Mu kuma me muka kira ikonomi? Tattalin arziki. To tunda mun riga mun ba jikar suna da tattali me zai hana mu ba kakar? Tattalin amana. Mai yi kuma mai tattalin amana, jam'i masu tattalin amana, kuma kana iya cewa ya tattala amanar da aka ba shi ba tare da harshe ya harɗe ba.

Ku gwada ta a kan Isra'ilawa ku gani. A Fitowa 36 jama'a sun yi ta kawo kaya don aikin alfarwa kowace safiya har masu aikin suka ce ya yi yawa, Musa ya sa aka yi shela a daina. Wannan labarin kowa na son sa ranar lancin na ginin coci. Amma saura babi na 38 da ba a cika karantawa ba, inda aka zauna aka ƙidaya komai a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, daga mutum 603,550 kowa rabin shekel, har aka faɗi cewa talanti 100 ɗin kwasfan Wuri Mai Tsarki da na labule aka zuba da su. Musa fa, wanda ya hau dutse, bai ce ku yarda da ni kawai ba. A zamanin sarki Yowash ma da gyaran Haikali ya yi ta jan ƙafa har shekara ta 23 ta sarautarsa, Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su biyu suke ƙirgawa su ɗaure a jaka. Nehemiya kuwa da ya dawo Urushalima ya tarar Lawiyawa sun watse zuwa gonakinsu don ba a ba su rabonsu, mutum 4 ya ɗora a kan ɗakunan ajiya, kuma aikinsu rarrabawa ne, ba tsaron ƙofa ba.

Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta rubuto min cewa tattali a kunnen wasu kamar rowa ne ko maƙo, kar ma'aji ya fake da shi ya hana gwauruwa buhun masara. 'Yar'uwa, ni ma na ji wannan sosai, kuma na taɓa gani da idona a wata ikilisiya da na zauna, masarar godiyar kaka ta kwana a sito har ƙwari suka mayar da ita gari alhali akwai marayu a layin baya, abin har yau yana min ciwo. Amma wannan ba tattali ba ne, asara ce. Macen da aka ce tana tattalin mijinta ai ba hana shi tuwo take yi ba. Kuma Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta faɗi masu zakkar shekara ta uku ƙarara, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa, amanar tasu ce tun farko, shi ya sa nake so kalmar amana ta tsaya a jikin tattali kar a raba su.

Don haka a takardar zan rubuta tattalin amana a kan take, in bar wakilci a inda ake maganar wakilin nan na Luka 16 tunda da shi aka san shi. Bitar ranar Asabar ce, sai na kai wa mai bugawa ranar Alhamis da yamma. 'Yan'uwa na Maraɗi da Zinder da na Garwa, ku da kuke fama da Faransanci, me fastocinku ke cewa in sun zo nan? Ku rubuto min kafin Alhamis ɗin.