Ina neman shawara kan binciken kammala digirina a fannin muhalli

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman waɗanda suka riga mu a wannan fanni. Ina shekarar ƙarshe a karatun kula da muhalli, kuma binciken kammalawa ya tsaya mini cak.

Ina nazarin yadda ciyawar kachalla ta mamaye fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Tun da aka gina madatsun ruwan Tiga da Challawa, ambaliyar da ke zuwa ta janye da rani ta sauya, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu wurare, kachalla kuwa ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa.

Matsalar ita ce, na sauke hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat na auna yaɗuwar ciyawar da manhajar taswira ta QGIS, sannan na zauna da masunta da manoman shinkafa. Wani dattijo ya nuna mini gonarsa, kachalla ta fi tsayinsa, tsuntsayen jan-baki sun yi sansani a ciki. Amma a taswirata wurin ya fito kamar gonar shinkafa, domin duk kore ne. Malamina na labarin ƙasa ya ce in tsaya kan taswira. Na ɓangaren zamantakewa ya ce bakin mutanen shi ne hujja. Ni dai ban ga dalilin jefar da ɗaya ba, tunda haɗa fannoni aka koya mana.

Hoton wane wata ya fi raba kachalla da shinkafa? Kuma yaya ake tsara babin sakamako idan hujjojin biyu sun saɓa? Allah Ya saka da alheri.