Neman shawara: yarana na karanta bird "birdi"

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini, wani abu ya tsaya mini a wuya. Yarana sun iya haɗa baƙi da wasali a Turanci, su cat, pin, hot duk suna karantawa ba gargada. Makon jiya muka shiga kalmomin da r ke biyo bayan wasali, sai komai ya dagule. Na rubuta car a allo, aji gaba ɗaya suka ɗauka "karrr" kamar ana tayar da babur. Da na rubuta bird, wata ta ce "birdi", wani daga baya ya ce "biridi". Su 74 ne, ni kaɗai, littafin ma ɗaya ne a hannuna. Wa ya taɓa fama da wannan?

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ga laifinsu, gaskiyarsu suka yi. A Hausar boko abin da ka rubuta shi kake faɗa: sarki, birni, murna, girki, ƙarfe, duk r tana fitowa fes. Dokar da suka sani suka ɗauka suka kai inda ba ta aiki.
A Turanci rubutun biyar ne, ar, or, er, ir, ur, amma sautin uku ne kawai. Ar kamar a car da farm. Or kamar a corn da fork. Sauran ukun kuwa, er, ir, ur, bakinsu ɗaya: her, bird, turn. A lafazin Ingila, wanda shi makarantunmu suka gada, wannan r ɗin ba a furta ta idan baƙi ne ya biyo ta ko kalma ta ƙare. Aikinta kawai ta sauya wasalin da ke gabanta ta ja shi. Don haka ki daina koya musu c, a, r a matsayin sauti uku. Biyu ne: c da ar.

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
To ai nan gizo ke saƙar, Malam. Na ce musu kar su faɗi r, sai wani yaro ya ce, "To Anti, don me aka rubuta ta?" Wallahi na rasa amsa.

Hedimasta mai ritaya, Rafin Daɗi:
Yaron nan ya yi tambaya, Allah ya yi masa albarka. 'Yata, amsar tana bakin yaran, ba sai kin sayi komai ba. Ki tambaye su me ake sayowa a sa a waya. Za su ce kati. Me tela yake aunawa? Yadi. Wa yake kwana a bakin ƙofar makaranta? Mai gadi. Waya ta mutu, ina za a kai ta? Caji. To ki rubuta card, yard, guard, charge kusa da su. Ina r ta tafi? Kakanninmu da kunne suka ari waɗannan kalmomi daga bakin Turawan Ingila, ba daga takarda ba, kuma ba su ji r ba, shi ya sa ba su sa ta ba. Abin da suka ji dogon a ne, shi suka riƙe.
Haka kotu daga court, tocila daga torch, fom daga form. Masu er a ƙarshen kalma kuwa sun fi yawa: direba, kafinta, lauya, rula, bota, filasta. Kafinta ma riba biyu ce, don carpenter tana da ar a gaba da er a baya, duka biyun Bahaushe ya sauke su.
Ni da ina aji, layi nake ja a tsakiyar allo. Hagu Hausa, dama Turanci. In sa su faɗi kati sau uku, sannan in ce a yanke i ɗin ƙarshe a mayar da t ta zama d. Kafin a tashi tara, rabin aji sun kama.

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
Ikon Allah! Baba, shekara nawa ina cewa kati da yadi ban taɓa lura ba. Allah ya ƙara girma.

Maman 'yan biyu, Sabuwar Unguwa:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma bari in sa baki. Na sauke wa yarana bidiyo a YouTube, suna kallo bayan Magariba. A ciki ana kiran abin bossy r, wai r mai mulki, kuma matar tana furta r ɗin sosai. Yanzu Hassan ɗina yana cewa car da r a naɗe, malaminsu kuma ya ce ba haka ba ne. Yaro ya dawo gida yana kuka wai waye mai gaskiya. Ni kuma me zan ce?

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Hajiya, duka biyun suna da gaskiya. Bidiyon na Amurka ne, su suna furta r ɗin, suna naɗe harshe baya. Mutanen Ingila akasarinsu ba sa furtawa. Shawarata ki nemi bidiyon da aka yi da lafazin Ingila, don kada gida da makaranta su riƙa ja-in-ja a kan yaro. Kuma in Allah ya kai shi aji shida na sakandare, takardar lafazi ta WAEC a kan na Ingila aka gina ta. Ina ganin yadda ɗalibaina ke zubar da maki a tambayoyin da suka haɗa su bird, word, heard, alhali abu ne da ya kamata a ce tun firamare an gama da shi.

Ɗalibar NCE, Dutsin-Ma:
Malam a yi haƙuri, ni dai ban ga abin damuwa ba. In yaro ya ga car ya gane mota ce, ya faɗa da r ko ba r, ai ya karanta. Mu da muke koyarwar ma waye yake magana kamar Baturen Landan? Kada mu sa yara su tsorata da buɗe baki.

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Rabin maganarki na karɓa, ƙanwata. Wanda ya ce car da 'yar r a ƙarshe ba zan taɓa dukan teburi a kansa ba. Amma "biridi" fa? Wannan gaɓa uku ya yi daga gaɓa ɗaya, ko Ba'amurke ba zai gane tsuntsu ake nufi ba. Abin da za a kashe shi ne cusa wasali, ba lafazi ba.

Malamar nazire, Ƙofar Ƙaura:
Ni an ba mu horon Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa, bari in faɗi yadda suka tsara. Sauti 42 ne a rukuni 7. Or tana rukuni na 4 tare da ee, su kuma er da ar sai a rukuni na 7, can ƙarshe. Wato ba a zuba wa yaro su a rana ɗaya. Malama ina jin kuskurenki ke nan, kin haɗa car da bird a mako guda.
Kowane sauti da motsinsa. Na ee da or, yaro ya ɗora hannuwa a ka kamar kunnen jaki, ya ɗaga ya ce ee, ya sauke ya ce or. Wannan kam yaran Katsina ba sai an yi musu bayani ba, jakin masu ɗebo yashi kullum yana wucewa ta bayan tagarmu, ranar da ya yi kuka muna cikin darasi sai da na bar su suka gama dariya. Na ar, ka wangale baki kamar likita zai duba maƙogwaro. Na er, ka riƙa juya hannu bisa hannu kamar injin kwaɓa fulawa. Wannan na ƙarshen na sauya shi, don yawancin yarana ba su taɓa ganin injin ba. Na ce su yi kamar suna kaɗa miyar kuka da maburgi.
Ki ba ar mako guda cur. Or mako guda. Sai er ita kaɗai. Ir da ur su jira.

Malamin Islamiyya, 'Yar'aduwa:
Allah ya saka wa kowa. Ni ba Turanci nake koyarwa ba, amma tambayar yaron can ta tuna mini abin da muke yi kullum. Duk yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya san akwai harafin da ake rubutawa ba a karanta shi. Lam ɗin da ke cikin ash-shamsu ga ta a rubuce, amma harshe tsallake ta yake. Ya kuma san alif ɗin ja, wanda ba ya da sautin kansa, sai dai ya tsawaita wasalin da ya gabace shi. Ki ce musu r ɗin car kamar alif ɗin ja take. Za ki ga sun gyaɗa kai, don da yamma abin da muke fama da su a kai ke nan.

Hedimasta mai ritaya, Rafin Daɗi:
Allah gafarta Malam, ka kawo ta inda ban zata ba. Ai ko a Hausar ma muna yi. Muna rubuta rigar sarki, baki kuma ya ce "rigas sarki". Motar Malam, a ce "motam Malam".
Sai dai in ja kunnen 'yata a kan dabarar da na bayar, kada ta wuce gona da iri. Tana aiki a ar, da or, da er ta ƙarshen kalma. Ba ta aiki a su bird. Dubi nas daga nurse, siket daga skirt, coci daga church. Sauti ɗaya ne a Turanci, mu kuma mun raba shi uku, a, e, o, saboda babu shi cikin wasulanmu biyar, kowa ya kama wanda ya fi kusa da kunnensa. In kika koya da waɗannan, yaro zai tashi yana cewa "bad" ko "bed" yana nufin tsuntsu. Wannan sautin sai an koya shi sabo fil.

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
To Baba ya zan yi da shi? Ni kaina ban tabbata ina faɗar sa daidai ba, gaskiya.

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Ba ke kaɗai ba, Malama. Ki saki bakinki sakaka. Kada ki zumɓura leɓe kamar za ki ce o, kada ki washe kamar za ki ce e, kada ki wangale kamar a. Harshe ya kwanta a tsakiya, ki ja murya. Kamar sautin da mutum yake yi in an tambaye shi ina canjin cefane ya tsaya tunani. Ki gwada gaban madubi, in leɓe ya motsa an kuskure. Zan turo saƙon murya in an kawo wuta, cajina saura kaɗan.
Wani abin da muke da shi wanda ba mu amfani da shi: kunnen Bahaushe ya san dogon wasali da gajere. Garin Daura daban, garin tuwo daban, rubutu ɗaya, ja ne ya raba su. Ki yi musu wasa da haka. Ki faɗi cat ko cart, had ko hard, shot ko short, pot ko port. In gajere suka ji su tafa sau ɗaya, in dogo su miƙe tsaye. Aji mai mutum 74 wannan ya fi dacewa da shi, don daga gaban allo kina ganin wanda yake leƙen na kusa da shi kafin ya tashi.

Baban ɗalibi, mai shago a babbar kasuwa:
Malamai ina da tambaya. Ɗiyata karatun ba ya ba ta wuya, rubutun ne. An yi musu shifta ta rubuta gerl da tern. Akwai wata doka da za a ce ga inda ake sa ir ga inda ake sa ur?

Malamar nazire, Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, doka tsayayya babu, kada wani ya ruɗe ka. Abu ɗaya da za ka riƙe, a ƙarshen kalma mai gaɓa biyu er ce ta fi yawa: sister, father, water, teacher. Sauran sai ido ya saba. Ni gida uku nake yi musu. Ka samo kwalin taliya ko na sabulu daga shagonka, ka yanka ƙanana, kowane ka rubuta kalma ɗaya da maka, haruffan biyu da ja. Gidan ir: girl, bird, shirt, first, dirt. Gidan ur: turn, burn, hurt, nurse, fur. Gidan er: her, term, herd. Kwano uku a tsakar gida, ta riƙa jefa kowace a gidanta tana faɗa da ƙarfi. Minti 10 ya isa. Kada ka ba ta fiye da biyar a kowane gida da farko.

Baban ɗalibi, mai shago a babbar kasuwa:
Kwali kam ba ya yankewa a wurina. Malamar Ƙofar Marusa, in kina so ki turo yaro ya ɗauka, kyauta.

Malamar aji ɗaya, Mashi:
Ni abin da zan ƙara, a duba ko yaran sun zauna da karatun Hausa tukuna. Mu da muka yi aiki da kayan RANA, shirin nan na karatu da lissafi da UNICEF ta tallafa a Katsina da Zamfara, mun ga bambanci. Yaron da yake karanta gaɓoɓin Hausa ba tsayawa, in ka ce masa ga inda Turanci ya saɓa, yana da abin da zai kwatanta da shi. Wanda ba ya iya karanta ba, bi, bu kuwa, ar da or ƙarin kaya ne kawai. A cikin 74 ɗin nan na tabbata akwai irinsu.

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
Akwai su kam, sun kai 15, su ne 'yan layin baya.

Maman 'yan biyu, Sabuwar Unguwa:
Yanzu Husaini ya kawo mini war da work, ya ce me ya sa ba sa bin dokar. Kun ga ta inda nake shan wahala.

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Hahaha, Hajiya yaranki lauyoyi ne. W ce take ɓata lissafin. Bayan w, ar takan koma or: war, warm, ward. Or kuma ta koma er: word, work, worm, world. Ki ce masa waɗannan 'yan unguwar w ne, al'adarsu daban. Haka in wasali ya biyo bayan r, tana dawowa a furta ta, kamar very da carry. Amma Malamar aji biyu kada ki taɓa waɗannan yanzu, sai zango mai zuwa.

Malamar aji biyu, Ƙofar Marusa:
Salam. Na dawo da labari bayan kwana 8. Na koma ar ita kaɗai kamar yadda Antin nazire ta ce, na fara da kati da yadi na Baba. Jiya na rubuta farm, kalmar da ban taɓa nuna musu ba, fiye da rabin aji suka karanta daidai. Yaron da ya tambaye ni don me aka rubuta r shi ya tashi ya gaya wa sauran wai alif ɗin ja ce ta Turawa. Sai dai an samu sabuwar matsala: wasu sun fara jan komai, cat ma "kaat" suke cewa, har rat sun cire mata r sun ce "at". 'Yan layin baya kuma na ware su muna gaɓoɓin Hausa lokacin tara. Litinin zan shiga or. Alhaji, gobe bayan Azahar zan turo ƙanena ya karɓi kwalin. Malam na Daura, har yanzu muna jiran saƙon muryar nan.

Malamin Turanci na sakandare, Daura:
Afuwan Malama, taransifomarmu ce ta ƙone tun ranar. Yau da dare in sha Allah, daga shagon mai caji.