Wai Hausar Kano ce ta asali?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya a wurin ɗaurin aure wani Basakkwace ya nuna min tabarma ya ce "zamna nan", saura kaɗan dariya ta ƙwace min. Mu faɗi gaskiya, Hausar Kano ce Hausa. Ita ke cikin littattafan makaranta, da ita ake karanta labarai a rediyo. Sauran duk karkacewa suka yi daga kanta.

Na Sakkwato: Yaro dai yaro ne. Mu munka riƙe magana yadda kakanni sunka bar ta, ku kunka tauna ta har ta narke. Ɗamrin amre ka tahi, ba wani ɗaurin aure ba.

Ɗan Fagge: Baba, wa ya ce? Ko don kun girme mu?

Malama: A wannan gaɓar dai Baba ya fi ka gaskiya, kuma an daɗe da bincika ta. Tun wajajen 1927 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya lura cewa a Hausa baƙin da ya faɗo a ƙarshen gaɓa yakan yi laushi. Masana har yau suna kiran abin da dokar Klingenheben. Baƙaƙen leɓe, irin su b da m, sun koma u a Hausar gabas, wato Kano da kewayenta, amma a yamma suna nan daram. Shi ya sa kuke cewa sauka, auduga, zauna, aure, su kuma sabka, abduga, zamna, amre. Ba sai ka je Jamus neman shaida ba. Matar da aka kai ɗakin miji jiya, me kuke kiran ta a Fagge?

Ɗan Fagge: Amarya mana.

Malama: To, m ɗin nan daga ina ta fito in tun fil azal "aure" ake cewa? Haka zama da zamna. Bakinka da kansa yana ba da shaida a kanka.

Na Sakkwato: Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Magana ta ƙare.

Malama: Ba ta ƙare ba, Baba, ranka ya daɗe. Dokar nan ku ma ta taɓa ku. Ana cewa talaka, amma halin da yake ciki talauci ne, a Kano da Sakkwato duka. Ina k ɗin ta tafi? Ɓauna jam'inta ɓakane. Hagu da hauni tushensu ɗaya. Ke nan baƙaƙen hanɗa, irin su k da g, sun narke a bakin kowa, na leɓe ne kawai kuka tsira da su. Sakkwatanci ya adana tsofaffin abubuwa da yawa, amma shi ma tafiya yake yi.

Ɗan Maraɗi: Ƙarin shaida daga wajenmu: mu ɗiya muke cewa, ku 'ya. Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa na 2000, yana cikin masu bayanin cewa 'ya daga ɗiya ta taƙaice. Kuma a Nijar ƙugiya muke sa wa harafin, ƴ, ba wannan ɗan waƙafin naku da waya ke haɗiyewa ba.

Ɗan Fagge: Na ji. To in haka ne, me ya sa da aka tashi daidaita rubutu ba a ɗauki ta Sakkwato ba?

Bazazzagi: Don kun fi kowa yawa da surutu a kasuwa, shi ke nan. Fatake sun kai Kananci ko'ina, sai ya zama shi aka fi ji. Amma aikin kansa a garinmu aka yi. A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wani Bature Rupert East yana kula da harkar, Abubakar Imam yana edita, shi kuwa Imam a Kagara aka haife shi. Hukumar Hausa ta zo a 1955 ta ci gaba da tsara ƙa'idojin. Mutane ne suka zauna suka zaɓa.

Ɗan Fagge: Ji bawana! Ku da kuke cewa "mota ne", har kun sami bakin magana?

Malama: Wasanku na Kanawa da Zagezagi ba zan shiga ba. Amma rashin bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu sananne ne a Zazzaganci da Bausanci, kuma da tsari yake tafiya, ba kuskuren mutum ɗaya ba ne.

Hajiya Kumasi: Mu a zango ma haka. Yaranmu da yawa ba sa raba k da ƙ, ko d da ɗ. Baki da baƙi duk ɗaya a bakinsu, amma ban taɓa ganin wanda aka ce ya yi baƙi ya tafi neman asuwaki ba.

Ɗan Fagge: Hajiya, wannan kam lalacewa ce, a yi haƙuri.

Malama: To ɗauki wayarka ka naɗi muryarka minti biyu kana hira da abokanka. Ka ƙirga sau nawa ka ce "motarsa", sau nawa ka ce "motassa". Abin da ke cikin littafi daban, abin da ake yi a Kantin Kwari daban. In sauyin lafazi lalacewa ne, ka riga Hajiya lalacewa tun ranar da ka ce "zauna".

Na Sakkwato: A turo mana muryar tashi nan mu saurara.

Ɗan Fagge: Cajina ya kusa ƙarewa.