Ina zargin an yi wa Mama kuskuren magani a kemo (maganin kansa), ya zan yi?

Ummu Hanif: Salam jama'a dan Allah ku ban shawara. Mamana na shan ƙwayar kemo mai suna capecitabine saboda kansar hanji, likita ya ce kwana 14 sai hutun kwana 7, amma a jikin kwalin da aka ba mu a famasi ba a rubuta hutun ba, ni kuma na biye wa rubutun har kwana 18. Yanzu gudawa take, bakinta duk gyambo ko kunu ba ta iya haɗiyewa, wallahi na kasa bacci.

Abban Walid: Subhanallah. Ki dakatar da maganin ki kai ta imajensi yau, kar ki jira ranar kilinik. Ki auna zafin jikinta, in ya kai digiri 38 abin gaggawa ne, don maganin na karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, dole a duba jininta.

Anti Nas: 'Yar uwa ki tafi da kwalin da ragowar ƙwayoyin, ki duba 500mg ne ko 150mg, ki rubuta ranakun da ta sha. Maganar wanda ya yi kuskure ki bari sai ta farfaɗo, sannan ki nemi kwafin takardar likitan ki kai ƙorafi.

Ummu Hanif: Na gode, yayana ya kawo mota yanzu za mu fita.