Jaki (Dimokrat) da Giwa (Rifablikan): musayar baitoci kan zaɓen rabin wa'adi na Amurka

Direban Bronx, 13 Nuwamba 2022
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ina layin jiran fasinja a filin jirgin JFK na ji rediyo na cewa sanata Cortez Masto 'yar Dimokrat ta riƙe kujerarta a jihar Nevada, wato majalisar dattawa ta zauna a hannun Dimokrat kenan. Baban Hajara tun watan tara yake cika mana kunne da jan hadari, wai Rifablikan masu jan launi za su share zaɓen, sai ga Oz likitan talabijin ɗinsu ya sha kaye a hannun Fetterman a Pensilbaniya. To ga nawa baitin, in ya isa ya fito.

Kun ce hadari ya haɗo ja jawur,
Mun kwashe shanya, har yau ba ruwa.
Jakin da kuka ce ya tsufa ya gaji,
Ga shi da kaya ya tsere wa giwa.
Likitan talabijin kun kai Pensilbaniya,
Fetterman ya sallame shi ba dawowa.
Baban Hajara fito ka yi bayani,
Ko bakin ya mutu tun faɗuwa?

Ɗan Zango
Kai! Allah ya ƙara basira Yaya, wannan ai ba amsa, a kawo masa ruwan sanyi kawai a Houston

Baban Hajara, 17 Nuwamba
Ban gudu ba ƙanena, jira nake a gama ƙirgen Kalifoniya, ni ba na rawa kafin kiɗa. Jiya an tabbatar majalisar wakilai ta dawo hannun Rifablikan, kakaki Pelosi 'yar Dimokrat za ta sauka kenan, ga kuma gwamna DeSantis namu ya sake cin Fulorida.

Direba taka birki ka yi sauri,
Mai gudun tsiya shi ke kifewa.
Gudumar Pelosi ta bar hannunta,
Zauren wakilai ya koma gun giwa.
Ka je Fulorida ka tambayi labari,
DeSantis ya yi shara ba ragewa.
Dala biyar ka sha galan a watan shida,
Yau ka manta kana ta rawa.

Ɗan Damagaram
Ranka ya daɗe Baba, giwa ta taka ba a jin ƙarar jaki. Har Miami-Dade fa DeSantis ya cinye, yankin da Dimokrat suka ɗauka gadonsu ne

Hajiyar Minneapolis
Ni dai ku biyun kun ba ni haushi, bari in sa baki.

Maza kun zauna kuna lissafi,
Wanne ya ci, wanne ya fi ƙarfi,
Ba ku leƙa rijiyar ba ku ga zurfi,
Mata ne suka juya zaɓen bana.

Kotun ƙoli ta yanke a watan Yuni,
Batun zubar da ciki ya cika tunani,
Ko ka ƙi ko ka so, Baba ka sani,
Shi ya hana giwarku cin gona.

Kai ma Direba rage fankama,
A jiharka giwa ta samu dama,
Maloney ya rikito daga sama,
Gidanka ne ya ƙone da rana.

Maloney ɗin nan ɗan majalisar wakilai ne na Dimokrat a New York. Kafin wani ya ce Hajiya ta goyi bayan zubar da ciki, a'a, abin da na gani nake faɗa. A asibitin da nake aiki matan da ban taɓa jin sun yi zancen siyasa ba ranar sun zo da ɗan tambarin nan na "na yi zaɓe" manne a riga, kuma duk maganarsu ɗaya ce. Michigan har cikin tsarin mulkin jiha suka saka shi, Kentucky ma da take ja wur ta ƙi amincewa da gyaran da masu hanawa suka kawo.

Malam Na-Ƙofar Mata
Hajiya madalla, ƙwar huɗu ce da ƙaramin amsa-amo da babba, kowa ya zauna a wurinsa. Amma Direba, ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, na biyar ya tafi 14, wannan ba gurgunta ba ce karaya ce. Ni siyasar Amurka ba ta dame ni ba, waƙa ce ta kawo ni zauren nan.

Direban Bronx
Malam yana Kano da ma'aunin gaɓa,
Ni ina Fordham Road ina neman kuɗin haya,
Sunan jiha ne, ba ni na raɗa ba,
In ka iya gajarta mana Pensilbaniya.

Malam Na-Ƙofar Mata
Tela ba ya zargin yadi,
In riga ta ƙi zama daidai,
Mai waƙa shi ke yin ɗinki,
Sai gyara, ban da yawan wai-wai.

Ka rera wannan ka ji yadda Mutadarik ke tafiya.

Ɗan Zango
Malam da girmanka amma fa ɗan giwa ne kai a ɓoye, me ya sa ba ka ƙirga na Baban Hajara ba? shi ma ai ya ari giwa daga bakin Yayana ya mai da ita amsa-amonsa, wannan ba sata ba ce?

Malam Na-Ƙofar Mata
Na ƙirga yaro, shi ma ɗangon galan ɗinsa ya yi tsawo. Maimaita kalmar abokin musaya kuwa ba aibi ba ne, amsa ce.

Ɗan Damagaram
To wai ma dole ne sai da arulli? makaɗanmu na baka wa ya koya masu Mutadarik, kalangu ne ma'auninsu kuma har gobe ana rawa

Malam Na-Ƙofar Mata
Su suna da kalangu, kai kana da waya. Rubutacciyar waƙa ba ta da makaɗi sai karinta, in ya ɓace me ya rage?

Ɗan Zango
ma'ana ta rage Malam

Hajiyar Minneapolis
Don Allah ku buɗe wani zaren ku yi wannan can, tun jiya saƙo ya cika min waya ba baiti ko ɗaya.

Baban Hajara, 21 Nuwamba
Hajiya ta yi gaskiya a abu ɗaya, mun so mu cinye gona mun tashi da kunya ɗaya. Kuma ba zan ɓoye ba, 'yan takarar da Trump ya ɗauko su suka ja mana, Oz da Mastriano a Pensilbaniya, Kari Lake a Arizona, duk sun sha ƙasa, sannan ran 15 ga wata ya tsaya a gidansa na Mar-a-Lago ya ce zai sake neman shugabanci. Ni na fi son a ba DeSantis ragama. Amma Direba ka san abin da ya kai ni jan layi, 'yata ta dawo daga makaranta da littafin da na kasa karanta shafi biyu a gaban uwarta, kuma ba ni kaɗai ba, iyaye Musulmi a Dearborn sun cika taron hukumar makarantu a watan Oktoba a kan irin wannan. Ga kuma Biden naku jiya ya cika shekara tamanin.

Ba don Trump nake bin giwa ba,
Tarbiyyar ɗiyata nake tsarewa.
Jakinka jiya ya cika tamanin,
Wa zai ɗau kayan in ya gaza ɗauka da kai wa?

Malam Na-Ƙofar Mata
Ɗangon ƙarshe Alhaji...

Baban Hajara
Na sani Malam, a bar shi haka, zuciya ce ta rubuta

Direban Bronx
Yaya na ji zafin maganar littafi, ni ma uba ne. Amma ni abin da ba zan manta ba daban ne. 2017 zamanin Trump aka rufe ƙofa ga wasu ƙasashen Musulmi, aka zo aka haɗa da Chadi, 2020 aka sa Najeriya a jerin waɗanda ba za a ba bizar zama ba. Abokin aikina da muke musayar mota, shi dare ni rana, takardun matarsa suka tsaya cak tana Kano da jariri, a waya ya ga yaron ya fara tafiya. Ranar da aka rantsar da Biden ya soke dokar. Batun magaji kuwa, muna da Jeffries, ɗan majalisar wakilai daga Brooklyn.

Ka ce giwa na tsare maka ɗiya,
Ita ta tsare matar wani a bakin ƙofa.
Wanda ya ce ba ya son ganinka,
Don ya ƙi littafi sai ka shimfiɗa masa tabarma da darduma da kujerar sofa?
In ta Jeffries ce ga shi nan Brooklyn,
Magaji na nan, ba mu rasa ƙafa.

Ɗan Damagaram
wannan ɗango na sofa ko tirela ba ta ɗaukarsa, Malam ina kake

Ɗan Zango, 7 Disamba
Warnock na Dimokrat ya kayar da Herschel Walker a zagaye na biyu a Jojiya, 51 da 49 kenan a dattawa. Baba shiru?

Baban Hajara, 8 Janairu 2023
Afuwan, na yi tafiya. Na ga na Jojiya, na kuma ga yadda namu suka wahalar da McCarthy sai a zagaye na 15 ya zama kakakin majalisar wakilai, kujera 222 gare mu amma kamar ba gida ɗaya ba. Direba maganar abokinka ta tsaya min a rai, ban da amsarta a baiti tukuna. Ka gaida shi, ka ce ina tambaya ko iyalin sun iso.

Direban Bronx
Sun iso bara Yaya, yaron har ya shiga makaranta. Ina jiran baitin, kuma kar ka sako min DeSantis a ciki, a kan bizar nake son amsa.