Yadda muka yi fama da subjuntivo wajen nuna shakku a Sifaniyanci

Ma'aikacin gona, Almeriya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 2 ina aikin tumatir a nan, kuma ina shirin jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci, DELE, ta matakin B1. Kwanaki mai gonarmu ya tambaye ni ko motar kaya za ta zo, na ce masa "no creo que viene", ina nufin ban yi zaton za ta zo ba. Ya fahimce ni, amma ya gyara mini da "venga", wato subjuntivo, sigar aikatau ta nuna shakku ko buri. Abin ya tsaya mini a rai. "Creo que viene" daidai ne, to me ya sa da zarar "no" ta shigo sai aikatau ya sauya kama? Don Allah waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi?

Ɗalibar likitanci, Habana: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a asibiti abin ya zauna mini. Kafin sakamakon gwaji ya fito, malamanmu ba sa cewa "es dengue", wato tabbas zazzaɓin dengue ne, sai dai "puede que sea dengue" (mai yiwuwa ne) ko "dudo que sea" (ina shakkar hakan). Ranar da na ga wata uwa tana bin bakin likita, tana jiran ta ji "es" zai ce ko "sea", na daina ɗaukarsa ƙa'idar littafi kawai. Ginin kuwa ba wuya: ɗauki sigar "yo" (ni), cire o ta ƙarshe, ka sa a ko e a gurbinta, vengo ta zama venga, tengo ta zama tenga, hablo ta zama hable. Guda 6 ne suka ƙi bin layi, sai hadda: sea, vaya, haya, sepa, esté, dé.

Malamin makaranta, Damagaram: Mu da muka yi boko da Faransanci mun ɗan samu sauƙi, don "je ne crois pas qu'il vienne" tafiyarsu ɗaya. Amma Hausarmu ce ta fi buɗe mini ido. Muna cewa "ina so ya zo", "Allah ya kawo shi". Wannan "ya" ita ce "quiero que venga" da "ojalá venga", kuma ita ojalá ɗin daga Larabci ta samo asali. Wajen buri da addu'a kunnenmu ya riga ya saba. Wajen shakku ne yake yaudararmu, domin mu "ban yi zaton zai zo ba" muke cewa, da "zai" ɗinmu yadda yake. Shi ya sa bakinka ya tafi ga "viene", ƙanena. Ni kaina sai da na shekara ina wannan tuntuɓen.

Ɗan kasuwa, Malabo: Malam ya yi gaskiya. Ni a kasuwa na koya, ban shiga aji ba. Da farko "a lo mejor" (wataƙila) na riƙe, tunda ba ta neman sauyi: "a lo mejor llega mañana". Quizás da tal vez kuwa, su ma wataƙila ɗin ne, suna karɓar subjuntivo da sigar yau da kullum duka biyun, in shakkunka ya yi yawa ka ce "quizás llegue".

Mai aikin otal, Madrid: Ku kula da "si", wato "ko". A nan "no sé si viene" ake cewa. Wata abokiyar aikina 'yar Meziko kuwa "no sé si venga" take faɗa, na zaci kuskure ne, ashe haka suke magana a can.

Ma'aikacin gona, Almeriya: Allah ya saka da alheri, Malam, maganar "zai" ɗin nan ta warware mini kai. Yau da safe aka tambaye ni ko za a yi ruwa, na ce "no creo que llueva", mai gona ya gyaɗa kai ya wuce.