Tarihin wuraren zama a takardun bizar aure ta Amurka: yadda kowannenmu ya cike

Maman Hanif: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Hukumar USCIS mai kula da shige da fice a Amurka ta amince da takardar I-130, wato buƙatar a ba ni izinin ƙaura a matsayin matarsa, da maigidana ya shigar domina, fayil ɗinmu ya koma cibiyar NVC da ke tattara takardu kafin ganawar biza, kuma yanzu ina cike fom ɗin DS-260 na neman bizar zama a Amurka. Inda na tsaya shi ne tambayar da ke neman duk wuraren da na zauna tun daga lokacin da na cika shekara 16, alhali a fom ɗin I-130A, mai ɗauke da bayanaina da aka haɗa da I-130, shekara biyar kawai aka nema. Ina makarantar kwana lokacin da na kai wannan shekarun, na yi jami'a a Zariya, na yi hidimar ƙasa a Ekiti, amma duk takardar da na taɓa cikewa a rayuwata adireshin gidan mahaifina na Kano nake sakawa. Waɗanda suka riga mu wuce wannan mataki, don Allah ku gaya mana yadda kuka yi.

Abu Safiyya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni na taya iyalina cike nata, kuma abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ba mu buɗe fom ɗin ba sai da muka zauna da takarda da biro muka jera rayuwarta daga watan da ta cika shekara 16 zuwa ranar, wuri bayan wuri, ba tare da barin giɓi ba. Wata da shekara ake nema, ba rana ba, don haka takardar shiga jami'a, takardar kiran hidimar ƙasa da ta sallama, rasitan haya da hatiman fasfo sun wadatar wajen tuna lokuta. Mun saka makarantar kwana da ɗakin kwanan ɗalibai a matsayin wuraren zama, domin tambayar tana nufin inda mutum yake kwana yana tashi, ba gidan da ake aika masa wasiƙa ba. Hutun zango da take komawa gida kuwa ba mu lissafa shi dabam ba. Abin da zan fi jaddada miki shi ne ki nemi kwafin I-130A da kuka riga kuka aika, ki ajiye shi a gabanki, domin shekaru biyar ɗin da ke cikinsa suna cikin jerin da za ki rubuta yanzu, kuma jami'in da zai yi miki tambayoyi ranar ganawar biza yana iya ganin takardun biyu.

Hajiya Ummi: Tawa damuwar ta adireshi ce. Gidan kakata da na girma a cikinsa ba shi da lamba, layin ma ba shi da suna a rubuce. Wani ya ba ni shawarar in ƙirƙiri lamba don fom ɗin ya yi kyau, sai na ƙi, na rubuta sunan unguwa, na ce bayan masallacin Juma'a, sannan gari da jiha. A Legas, inda aka yi mini ganawar, babu wanda ya ɗaga gira a kan haka. Lambar da mutum ya ƙirƙira kuwa shi zai fara manta ta idan aka tambaye shi.

Malam Baban Khalil: Ku ba ni dama in tsawaita, domin a nan ne mutane suka fi shiga jarraba. Jerin wuraren zaman shi ne ma'aunin da ake bi a san takardun shaidar 'yan sanda nawa za a nema daga mutum. Ƙa'idar da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta wallafa ita ce, duk wanda ya kai shekara 16 zai kawo ta ƙasarsa idan ya zauna a cikinta wata shida ko fiye, da ta ƙasar da yake zaune yanzu idan ya yi wata shida, da ta kowace ƙasa dabam da ya yi wata 12 ko fiye a cikinta, sannan da ta duk inda aka taɓa kama shi komai gajartar zamansa. Na yi digiri na biyu a Maleshiya, kuma da na ga wahalar neman takardar shaidar kyakkyawan hali daga can alhali ina Najeriya, abokai biyu suka ce in share wannan zaman kawai in rubuta cewa ina Kaduna. Shawara ce mai hatsari. Bizar karatun tana manne a tsohon fasfona, kuma fom ɗin kansa yana tambayar makarantun da mutum ya halarta, to ta yaya zan ce na yi karatu a Kuwala Lumfur ina kwana a Kaduna? Ban da haka, sashe na 212(a)(6)(C)(i) na dokar shige da ficen Amurka ya tanadi haramcin shiga ƙasar na dindindin ga wanda ya ɓoye ko ya sauya wani muhimmin bayani da gangan don samun biza, kuma afuwar da ake nema ta fom ɗin I-601 ba kowa ke samunta ba. Na rubuta gaskiya, na nemi takardar, ta jinkirta mu sosai, amma ta iso. Aikin Hajji da Umara da na yi ban saka su a wuraren zama ba, domin ziyara ce.

Amaryar Bauchi: Ina roƙon kada kowa ya miƙa cike DS-260 ga wani ya tafi. Wani mai shagon intanet ne ya cike mini, kuma don ya gama da wuri sai ya amsa cewa ban taɓa zama ko'ina ba sai gidanmu. Maigidana ne ya lura da haka bayan an aika, ya tuna cewa na taɓa neman bizar ziyara lokacin ina aiki a Abuja, kuma a fom ɗin DS-160 na wancan lokacin adireshin Abuja na bayar. Da zarar an aika DS-260 yana rufewa, don haka sai da muka rubuta wa NVC muka nemi a buɗe, muka gyara kafin a sa mana rana. A wurin ganawar, bayan na yi rantsuwa an ɗauki hoton yatsuna, jami'ar ta tambaye ni shekarun da na yi a Abuja, kuma amsata ta dace da abin da ke gabanta.

Ɗan Maraɗi: Mu mazauna bakin iyaka namu ya ɗan bambanta. Ɗan Nijar ne ni, amma na yi fiye da shekara a Katsina ina tsaron shagon kawuna, kuma a zuciyata ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin zama a wata ƙasa ba, tunda dangi ɗaya ne kuma ba biza muke nema ba kafin mu tsallaka. A takarda kuwa ƙasashe biyu ne. Na saka Katsina a jerin, na kawo takardar kotu ta Nijar mai nuna ba ni da laifi, na kuma nemi ta 'yan sandan Najeriya. Wanda ya je ganawa alhali ɗaya daga ciki ba ta hannunsa yakan dawo da takardar 221(g), a dakatar da bizar har sai ya kawo abin da ya rage.

Abu Safiyya: Malam Baban Khalil ya tuna mini da ɓangarenmu na masu shigar da takarda. Fom ɗin I-130 yana neman wuraren zaman mai shigarwar na shekara biyar, yana kuma tambayar adireshi na ƙarshe da ma'auratan suka zauna tare, kuma an ba da damar a rubuta cewa ba a taɓa zama tare ba. Wanda ya zo gida ya yi biki ya koma bayan makonni bai kamata ya ƙara wa zaman tsawo don auren ya yi armashi a idon jami'i ba, tunda hatiman fasfonsa suna nan. Wanda kuma ya daɗe a Najeriya tare da iyalinsa ya sani cewa takardar ɗaukar nauyi ta I-864 tana bukatar ya nuna Amurka ce mazauninsa, ko kuma yana shirin komawa da gaske.

Maman Hanif: Allah Ya saka muku da alheri. Saura tambaya ɗaya. Tun da maigidana ya koma Amurka nake zaune a gidan surukaina, amma na je gidanmu wankan jego bayan haihuwar Hanif. Shin wannan ma sai na raba shi?

Hajiya Ummi: 'Yata, ni ban raba nawa ba, domin kayana da ɗakina suna gidan miji, kuma da na yi arba'in na koma. Gidan surukanki shi ne adireshinki na yanzu, daga watan da kika tare. Idan kuwa zaman gidanku ya zarce ya kai watanni har kika kwashe kayanki, to ki ba shi layinsa, sannan ki duba abin da kuka rubuta a I-130A game da waɗannan watannin kafin ki danna aikawa.